Mijina na Riruwai

Mijina ya tafi haƙar kuza Riruwai da kaka, ya ce zai dawo kafin shuka. Aka yi shuka, aka girbe, aka sake yin wata, ni ina zaune da uwarsa a ƙauyenmu na ƙasar Tudun Wada, ina yi mata daka da ɗiban ruwa. Ko sabulu bai aiko ba. Da zanena ya mutu har ya ƙi karɓar allura, sai na je wurin yayana na ce ina son alƙali ya raba auren.

Yayana yana raka gyaɗa Kano, saboda haka ya san duniya. Ya ce a birni akwai wasu mutane, lauyoyi, ka biya su su yi maka surutu. Ya yi ta tambaya a kasuwanni, aka ce masa ba a taɓa ganin irinsu a gaban alƙali ba, amma akwai wani tsoho a Kiru da ya yi aikin muhuti, wato magatakardan alƙali, har gemunsa ya yi fari, ya san duk inda shari'a take kwana.

Muka hau jaki muka je. Muka same shi a zaure yana gyaran carbi. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yata, yana dukanki?"

"Baba, ai sai yana nan."

"Yana zaginki?"

"Ban sani ba, Riruwai da nisa."

Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce shari'ar tana da nauyi, sai an haɗa masa da ɗan akuya. Yayana ya yarda. Tsohon ya ce in na shiga gaban alƙali kada in yi kuka, kada in kawo zancen uwar miji. In ce ba ci, ba sutura, ba aike, in yi shiru, sauran nasa ne. Ya sa na yi ta maimaitawa har la'asar.

Aka aika wa mijina sammaci. Ranar zama sai ga shi, ya rame, yana tari, da wata hular Turawa a kansa. Tsohon kuwa ya sha babbar riga da rawani, ya zauna kusa da yayana yana gyaran murya.

Alƙali ya ce in faɗi ƙarata. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ci..."

Mijina ya ɗaga kai. "Allah ya gafarta Malam, wannan ai na sake ta tun bara."

Alƙali ya ce, "Ita ta sani?"

"Na aiko wani mai sayar da gishiri ɗan Dangora ya faɗa mata."

Alƙali ya dube ni. Na ce ban ji ba. Ya tambayi mijina shaidu, mijina ya ce daga shi sai mai gishirin. Alƙali ya ce to saki ya tabbata da bakinsa, idda kuma daga yau. Aka kira wasu masu rikicin gona.

A waje tsohon ya ce wa yayana bai taɓa ganin shari'ar da ta zo masa da sauƙi haka ba, kuma duk albarkar shiri ce. Ya ja ɗan akuyansa. Mijina ya tambaye ni lafiyar uwarsa, na ce tana nan, tana son ruwan zafi da asuba.

Na kwashe kwanukana na koma gidanmu. Bayan na gama idda na ga mai gishirin a kasuwar Dangora, na tsaya na tambaye shi saƙona.

Ya ce, "Wallahi na zo har ƙofar gida, na ji kina daka kina waƙa, na ga ba ranar faɗa ba ce."

Na sayi gishiri, ya yi mini gyara mai yawa.