Takardar Ƙulla Gyaɗa

Inna ba ta ƙulla gyaɗa a jaridar Larabci. Cewa take ko tallar sabulu ce ba a rasa sunan Allah a ciki, kuma ba da ita za a jefar da shi a kwata ba. Saboda haka da na samu aikin dako a wani sito a Madinar Masana'antu, unguwar masana'antun Jidda, inda kayan inji ke zuwa daga Japan cushe da yagaggun takardu, kullum sai na ɗebo mata. Rubutunsu kamar sawun kaji, ba mai karantawa a duk unguwarmu ta Sharafiyya, hankalinta ya kwanta.

Ni kuwa nawa ba a kwance yake ba. Shekarata talatin, abokaina sun watse zuwa Dammam inda aikin mai ya buɗe, an ce in zo akwai gurbi. Wata uku ina jujjuya maganar, na kasa gaya mata. Da ƙafa ta ratso Sudan kafin ta haye teku, ta binne mahaifina a Jidda, ni kaɗai na rage mata. In na zauna sai in ji kamar a kan ƙaya, in na tashi ban san inda za ni ba.

Takardun cike suke da zane, gida-gida, mutane masu manyan idanu. Daga dama ake binsu kamar littafin Larabci, don haka ban sha wuya ba. Akwai wani makanike Bajafane da ke zuwa haɗa inji, na tare shi da shafi guda. Da guntun Larabcinsa ya ce sunan abin manga, asalin kalmar kusan zanen ganin dama ne, wanda hannu ya yi yana wasa, amma su duk labarin da aka zana haka suke kiransa, kuma har masu furfura suna karantawa a jirgin ƙasa. Wannan ɗin, in ji shi, labarin 'yan wasan ƙwallon sanda ne kawai.

Ganin dama? To, ni ma na ga dama. Da la'asar, tana suyar gyaɗa, na jera shafukan na ce mata wannan manga ce, bari in ba ta labarin. Na nuna wani saurayi na ce aiki ya samu a gari mai nisa. Washegari na ce yana tsoron gaya wa uwarsa. Na yi mako guda ina ja, ina satar kallon fuskarta, ita kuwa sai juya gyaɗa take cikin rairayi. Har ta ɗauki kalmar: maƙwabciya in ta cika zance sai Inna ta ce ta zo da manga. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan makon ba.

Rana ta takwas na ce uwar ta yarda, har ta sa masa albarka. Inna ta karɓi shafin ta kai shi kusa da ido.

"Wannan yaron tun ranar farko sanda ce a hannunsa yana dukan ƙwallo," ta ce. "Ban ga uwa ko ɗaya ba."

Ta miƙo mini shafin.

"Ni ce uwar, ai sai ka bari in yarda da bakina. Yaushe ne tafiyar?"

Na ce Asabar. Ta ce halas, shi ke nan, in kawo rigunana ta wanke. Ta koma kan kaskonta, gyaɗar ranar ta ƙone, ba ta ko fita da ita talla kasuwar Balad ba.