Kafintan da Ya Tsaya a Ƙofar Aji

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu Kafinta a gadon asibiti, sakamakon dukan da aka yi masa a ka a ƙofar ajin da yake tara yara. Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Ni malama ce a makarantar firamaren da aka mayar sansanin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Tare muka yi aikin yaran nan da shi, a gabana kuma aka doke shi.

Kawu, kai ma ka ga yadda ruwan nan ya zo. Da rana tsaka kogi ya ɓalle, ruwa ja wur ya afka wa unguwannin gangare, ɗauke da itatuwa da awaki da motoci. Yana dukan katanga sai ta kife a kan mutanen gida. Kwanon rufi ya riƙa yawo a cikinsa yana yanka duk wanda ya ci karo da shi. Yaran da aka kawo mana sun ga iyayensu suna nutsewa, wasu sun wuni a kan bishiya, gawar maƙwabci na maƙale a reshen da ke ƙarƙashinsu.

Mun zaci kuka za mu tarar. Faɗa muka tarar. Yaro ya ɗauki kwanon abinci ya rotsa wa ɗan'uwansa kai don ya taɓa masa tabarma. Ƙananan 'yan mata suna cizon juna har sai jini ya fito. Da hadari ya haɗo kuwa, sai su shige ƙarƙashin tebura suna ihu, wasu su saki fitsari a tsaye. Mu malamai mun yi tsawa, mun yi lallashi, abin ya fi ƙarfinmu.

Ana cikin haka ka shigo. Ba wanda ya aiko ka wurin yaran. Shagonka ma ruwa ya share shi, abin da ka tsira da shi buhu ne na guduma da zarto da filaya. An kira ka ne ka gyara ƙyauren aji, ka tarar da yara biyu sun shaƙe juna a ƙasa. Ka ɗaga su kamar 'yan kaji, ɗaya a kowane hannu, ka ce, “Tunda ƙarfi ya yi muku yawa, ku zo ku taya ni. Ni nawa ya ƙare.” Ka miƙa wa kowannensu guduma. Na ce, “Kawu, makami fa ka ba su.” Ka ce, “Malama, duka ne a cikinsu, sai ya fito. Gara katako ya sha shi.”

Tun daga ranar kake turo baro cike da katakon gidajen da suka rushe. Yara su zare tsofaffin ƙusoshi, su miƙe su a kan dutse, su sake bugawa. Farkon abin ba aiki suke yi ba, ragargaza kawai suke, suna dukan katako har ya tsage, wasu suna duka suna kuka. Ba ka taɓa ce wa yaro ya yi shiru ba. Sai ka bar shi ya gaji, sannan ka zauna kusa da shi kana fiƙe fensirinka, har ya fara ba ka labari da kansa. Idan aka fara ruwa, sai ka rufe tagogi ka ce, “Yau za a ga wanda ya fi ƙara, mu ko shi.” Aji ya kaure da bugu, kai kuma kana rera waƙa da muryar nan taka da yara suke cewa ta fi zartonka kaushi. Bencinan da muke zaune a kai yanzu, karkatattu da su, duk daga nan suka fito.

Wadda ta fi ba ka wahala ita ce Auta, 'yar wani bakanike. Uban yana riƙe da hannun matarsa, ita kuma da goyo a baya, ruwa ya fizge su daga hannunsa a gaban idon yarinyar. Tun ranar Auta ba ta sake magana ba. Duk wanda ya matso kusa da ita sai ta yakushe shi. Ranar da ka durƙusa ka miƙa mata ƙaramar guduma, da ita ta kai maka duka a baki. Haƙorinka na gaba ya fita, jini ya wanke maka gemu. Na yi kanta a fusace, ka tare ni da hannu, ka tofar da jinin a ƙasa ka ce, “Ƙyale ta. Haƙorin nan dama ya daɗe yana neman sallama.” Washegari ka sake durƙusawa a gabanta da leɓe a kumbure, ka sake miƙa mata gudumar.

An daɗe ana haka. Wata rana tana riƙe maka katako kana yanka, sai muka ji wata 'yar murya ta ce, “Kawu, ya karkace.” Ka tsaya cak. Ba ka juyo ba, ba ka yi kabbara ba, don kada ta tsorata. Ka ce, “Gaskiyarki, to gyara min.” Sai bayan yara sun watse na same ka a bayan aji kana share hawaye da gefen riga, ka ce garin katako ne ya shiga idonka.

Yunwa ce ta kawo ƙarshen zaman lafiyarmu. Kayan agaji suka yi jinkiri, manya suka fara kallon juna da jan ido. Ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarka motar agaji ta iso da abin da bai kai rabin mutane ba. Kafin a sauke buhu na biyu an yi mata wawaso. Aka tattake tsofaffi, aka karya wa wata mai ciki hannu, direban ya tsira da ƙyar. Sai wani ya ɗaga murya ya ce ai masu aikin sa kai sun ɓoye sauran a ajin kafinta, shi ya sa kullum yake a rufe. Taron ya juyo kanmu da sanduna da rodi da duwatsu.

Yara suna ciki a lokacin. Ka tura ni ciki ka ce in kwantar da su a ƙasa nesa da taga, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa, ka dafe ginshiƙanta biyu da hannuwanka. Duwatsu suka fara farfasa gilashi suna zubo mana. Ina jin ka kana cewa, “'Ya'yanku ne a ciki. Ku zaɓi mutum ɗaya ya shiga ya duba, amma ba za ku shiga da gudu ba.” Ba wanda ya saurara. Suka danno, ka ƙi matsawa. Suka doke ka a hannu, ka ƙi saki. Sai rodi ya sauka a kanka daga gefe, na ji ƙararsa har cikin haƙorana. Ka durƙushe, amma jikinka ya tokare ƙofar, sai ta samanka waɗanda ke gaba suka leƙa. Abin da suka gani yara ne kwance rub da ciki a cikin fasasshen gilashi, da tarin katako. Ko ƙwayar hatsi babu.

Wanda ya riƙe rodin bakaniken nan ne, uban Auta. Ta ɗago kai ta gan shi, shi ma ya gan ta. Ya saki ƙarfen ya zauna a ƙasa cikin jininka, a nan jami'an tsaro suka zo suka same shi. Yaro ko ɗaya bai rasa ransa ba, Kawu. Ban sani ba ko ka ji lokacin da nake faɗa maka haka a asibiti, domin ba ka sake buɗe ido ba.

Bayan an kai ka makwancinka, wasu iyaye suka ce ba su yarda 'ya'yansu su sake zama aji ɗaya da Auta ba. Yara ma suka fara jifan ta. Na je yi wa matarka gaisuwa, na same ta zaune da 'ya'yanka mata, ban yi niyyar tayar da maganar Auta ba, ita ce ta tambaya. Ta ce, “Malama, uban yana hannun hukuma, ban ce na yafe masa ba, ban kai nan ba tukuna. Amma yarinyar me ta yi? Wa gare ta yanzu? Ki kawo min ita ta zauna a nan. Da safe ni zan raka ta ajin da kaina, in ga wanda zai jefe ta.” Haka kuwa aka yi. Tun ranar da abin ya faru Auta ta sake yin shiru, amma tana cin abinci, kuma tana yarda matarka ta riƙe mata hannu. Mun koma farko da ita, da sauran yaran ma, kuma wannan karon babu kai.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓi jinin da ya zubar a ƙofar nan a matsayin shahada. Ka sanyaya zukatan yaran da suka ga abin da bai kamata su gani ba har sau biyu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa da ƙannensa, da abokan sana'arsa, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencinsa. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsaya muku kamar yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.