Wuƙar da Na Hana Wa Sakata

Da ana mayar da rana baya, da na koma ranar da na cire sakata daga wuƙar aljihu, na mayar da ita. Ni maƙeri ne a Rano, ɗan maƙeri, karatuna bai wuce allo da aji huɗu na firamare ba. Na ƙera gatari da lauje ba iyaka, amma ɗan ƙarfen nan da bai kai yatsa ba shi ne abin da na kasa mantawa.

Bayan dawowar mulkin farar hula da ƙaddamar da Shari'a, yawo da doguwar wuƙa a kube ya zama abin zargi. In zaɓe ya matso, akan tare mutane a hanya ana lalube saboda 'yan daba. Manomi kuwa ba ya rabuwa da wuƙa: zai yanke igiya, zai fere rake, zai yanka kazar da ke shirin mutuwa. Sai kowa ya koma neman mai ninkewa, wadda za ta kwanta a aljihu.

Ta farko da na yi ta yi kyau. Ruwan wuƙar daga sifirin ɗin tsohuwar mota, ƙota ta ƙahon sa, a bayanta kuma ga sakata, wato ɗan siririn ƙarfe mai danne gindin wuƙar in an buɗe, ba za ta rufe ba sai ka danna shi da babban yatsa. Sakatar nan kaɗai takan ci min rabin yini ina gogar ta da magagari. A kasuwar Kibiya aka yi ta juya wuƙar ana yabawa, ana ajiyewa, ana wucewa wajen masu 'yan kanti masu araha.

Sai na fara ragewa. Na bar ƙaho na koma icen marke, ban yi asarar komai ba. Na rage tsawo, nan ma lafiya. Ƙarfen ne na ƙi taɓawa, don ina alfahari a ce wuƙata tana aske gashin hannu. Saura sakata. Na cire ta, na matse ƙusar gindin da guduma har wuƙar ta yi tauri wajen rufewa. Na sani sarai ƙusa tana saki da amfani.

Mahaifinmu yana da ƙa'ida: duk abin da ya fita daga maƙera sai an buga shi a kututture a gaban mai saye. Mai sakata nakan buga bayanta, ta tsaya ƙyam. Sabbin nan ban taɓa bugawa ba, don na san abin da zan gani. Na kawar da kututturen zuwa bayan rumfa.

Ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, manomi ne a Madachi, yana kuma kiwon shanun turke. Ya karɓi ɗaya daga cikin marasa sakatar. Bayan damina ya zo ya nuna min yatsa da ɗan tabo.

"Yaya, wuƙar nan taka ta fara cin mai ita. Ko ba ka ba ta abinci ba ne kafin ka ba ni?"

"Kai ne ba ka iya riƙo ba, ɗan ƙauye."

"To ɗan birni, sa min sakata irin ta da."

Na ɗora ta a uwar maƙera, na ba ƙusar guduma biyu, na miƙa masa. "Kasuwa mai zuwa ka kawo in sa maka."

Kasuwar da ta zo, ya ja wani baƙin sa zuwa Kibiya zai sayar. Ina rumfata a kasuwar ina hangen su. Ya naɗe igiyar a wuyan hannun hagu, yana ciniki da dama. Salansar wani babur ta yi ƙara, san ya zabura. Ya fizge ƙanena ya maka shi da ƙasa, ya ja shi ta kan tsakuwa da turakun awaki. Na ga rigarsa ta yage, bayansa ya saɓule ya yi jajir. Mutane na ihu, "Yanke igiyar! Yanke!"

Ya ji su. Ana jan sa ya zaro wuƙar, ya buɗe ta da haƙori, ya kai ta ga igiyar. Bayan wuƙar ya bugi dutse. Ta rufe a kan yatsunsa, da kaifin nan da nake alfahari da shi. Manuni da na tsakiya suka faɗi a ƙasa. San ya ci gaba da jan sa har sai da wasu Fulani suka sha gabansa da sanduna. Ƙashin hannun hagun ya fito waje, igiya ta nutse cikin nama. A asibiti aka yanke shi daga gwiwar hannu.

Ni na tsinci yatsun, na ƙulle a hulata. Wuƙar tana gefe a rufe, jini na fita ta tsagar ƙota.

Ƙanena yana raye. Ba ya riƙe fartanya, ni nake nome masa gonarsa, ni nake ɗaure masa tazuge in mun je Juma'a. Bai taɓa zagina ba. Sau ɗaya, ina wanke masa hannu, ya ce, "Yaya, ka ce kasuwa mai zuwa." Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Na bi ƙauyuka har Zinyau ina karɓo waɗanda na sayar, ban samo ko rabi ba. Sauran suna aljihun mutane har yau. Kai da ke ƙera abin da wani zai riƙe, don Allah ka rage ado, ka rage tsawo, amma kada ka cire abin da ke tsakanin kaifi da yatsa. Ka bar kututturenka a gaban rumfa, kada ka yi yadda na yi.