Ƙasar Bayan Ɗaki

Duk wanda aka haifa a unguwarsu a Karakkai cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya in ba hannun Inna Kulu ne ya fara taɓa shi ba. Ungozoma ce, 'yar ungozoma, ga faɗa kamar zakara. Ƙa'ida ɗaya take da ita wadda ba ta wasa da ita: ranar da cibiyar jariri ta faɗi, a bayan ɗakin uwarsa ake binne ta. Takan ce yaron da aka jefar da cibiyarsa a juji, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya.

Sai ga shi ƙafarta ce ta fara tashi. Shekara huɗu ke nan da rashin zaman lafiya ya sa ɗanta Haliru ya kwaso su zuwa Gusau, kuma gida uku suka sauya. Na yanzu ɗaki biyu ne na haya, an shafe tsakar gidan da siminti har bakin ƙofa, ko kaza ba ta samun abin tono. Kewar Karakkai tana cin ta, ba ta kuma ɓoyewa.

Kowace hantsi, tana tsinke zogale, rediyo na ta surutu a gefenta. Akwai shirin da mutane ke bugo waya kan tsadar gidaje. Wannan ya ce haya ta fi ƙarfin talaka, wancan ya ce mai hankali ya daure ya sayi fili, wani kuma ya ce a koma Tsafe ko Bungudu, can da sauƙi. Mai gabatarwa sai ya rufe da cewa gida dai wurin kwana ne. Nan Inna Kulu ke yin tsaki.

"Wurin kwana? Wanga yaro bai san komi ba. Ai ko tasha ana kwana."

Da damina matar Haliru, Hafsat, ta haihu a asibiti, namiji. Wannan ma ya tsaya wa tsohuwar a rai, amma ta haɗiye. Rana ta huɗu cibiya ta faɗi. Ta ƙulle ta a farin ƙyalle, ta zaga gidan sau biyu, ba ta ga ko tafin hannu na ƙasa ba. Ta tari mai kula da gidan, ta roƙe shi ya bari a fasa ɗan lungu a bayan ɗaki.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ba gidana ba ne. Kuma mai gida ya ce ƙarshen shekara zai sayar, ku ma ku hwara neman wuri."

Ta koma ɗaki da ƙullinta. Haliru ya ce a binne a bakin titi mana, ƙasa ai ƙasa ce. Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna da wani aiki a waje.

Washegari ta yafa mayafi ta nufi tashar Bungudu. Ta sami Lukuman direba, wanda ita ta yanke masa cibiya, ta miƙa masa buhun da babu komai a ciki.

"In ka tahi Karakkai, ka shiga gidanmu. Bayan ɗakina, gindin lalle, nan za ka ɗebo."

"Mi zan ɗebo, Inna?"

"Ƙasa."

Ana gobe suna ya kawo rabin buhu. Ya ce ɗakin ya zube, amma lallen yana nan. Ta zura hannu ta damƙo, ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago kai ba. A wannan ƙasar ta binne cibiyar Haliru tun yana jariri.

Ta ɗauko tsohuwar tukunyar ruwa, ta juye ƙasar ciki, ta tona da yatsa, ta yi bismilla, ta sa ƙullin ta rufe. Hafsat na zaune tana kallo da jariri a cinya.

"Inna, to in anka tashe mu hwa?"

Inna Kulu ta kakkaɓe hannu, ta tura tukunyar bayan ƙofa.

"Ku ɗauki gado da katihwa," ta ce. "Ni zan ɗauko mishi gidanshi."