Farin Leshin Yayar Mijina

Yayar mijina ta taɓa kirana baƙauya a gaban baƙi, don ban iya cokali mai yatsu ba. Na ajiye mata.

Da ta zo Landan, ranar wani suna a Woolwich, ta sha farin leshi. Na ce mu biya gidan abincin 'yan Italiya tukuna. Ni na yi mata oda: doguwar taliya da jar miya.

Ta nemi wuƙa. Na ce, "Haba Yaya, nan ba a yankawa. Sai su raina ki."

Ta zuƙa, miya ta fantsama mata a ƙirji. Haka ta wuni gidan suna ƙudundune cikin mayafi, ana zafi, ko hoto ta ƙi shiga. Ni kuwa na ci rawata.