Jirgin da Ke Ɗakin Baba Marcel

Ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai cikin ladabi irin Baba Marcel ba. Wani mai taurin kan sai ku yi faɗa, ka zazzage masa abin da ke ranka, ka huce. Shi kuwa zai saurare ka har ka gama, ya sa maka albarka, sannan ya je ya yi abin da ya yi niyya tun farko.

Maƙwabcinmu ne a unguwar 'yan reluwe a Kafanchan. Ibo ne, amma a nan aka haife shi, kuma ban da shekarun yaƙin basasa da suka tafi gida suka dawo, a nan ya yi rayuwarsa. Ubansa ma'aikacin jirgi ne, shi ma ya tashi ya zama direba. Ya ja kaya da fasinja zuwa Jos, Kaduna da Makurdi har gashinsa ya yi fari, ya yi ritaya a 1987. Matarsa Eucharia, wadda kowa ke kira Mama Osita, ta ɗauka yanzu za ta samu mai zauna mata a shago. Ta yi kuskure.

Da ɗansu Osita ya tafi Legas, Baba ya ƙwace ɗakinsa. Ya shimfiɗa tsofaffin ƙyamare a kan benci, ya fara gina tashar Kafanchan a kai. Da kwali ya yi ofisoshi, da gwangwanin madara ya yi tankin ruwa, da tsinken ashana ya yi katanga. Har mata masu tallan doya da lemo ya ƙera da yumɓu ya jera su a bakin dandamali. Abu ɗaya ne ba shi ya yi ba, wato kan jirgin. Baƙi ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Wani injiniya Bature ne ya bar masa shi da layukansa lokacin da zai koma ƙasarsu. In Baba ya haɗa wayoyi da batirin mota, sai jirgin ya tashi ya zagaya ɗakin. Jiragen gaske suna ta raguwa a tasha, amma na ɗakin Osita bai taɓa makara ba.

Haka aka yi shekaru. Sai wata rana jirgin ya yi gurnani, ya zabura, ya tsaya. Baba ya kai shi wurin masu gyaran rediyo, kowa ya juya shi ya mayar masa, ba mai son abin Bature ya mutu a hannunsa. A cikin wannan shekarar kuma likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, kuma ba aikin da zai dawo da shi. Baba ya ce yanzu yana ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. Bai yi kuka ba. Abin da ya ce kawai shi ne yana so ya ga jirginsa ya sake zagayawa kafin bututun ya toshe.

A nan na shigo, kuma da ƙafata na kai kaina. Sunana Afiniki, ni ce mai buga takardu a ofishin wata makaranta. Duk ƙarshen wata nakan je Jos sayo kayan ofis. Ƙanen mijina Luke yana aiki a can, a wani shago mai kwamfuta inda ake aika saƙon imel, abin da ba mu da shi a Kafanchan a lokacin. Ina ba shi labarin Baba don mu yi dariya, sai ya ce ai akwai irinsu da yawa a duniya. Suna da zaure guda a intanet, tsofaffi daga ƙasashe daban-daban, ba abin da suke tattaunawa sai ƙananan jirage. In ka aika tambaya kowa zai gani, wanda ya sani ya amsa.

Matsalar ɗaya ce. In na kai saƙo wannan watan, sai wata mai zuwa zan karɓo amsa. In Baba ya mayar da magana, sai wata na gaba zan kai. Na zauna na bayyana masa wannan dalla-dalla, gab da Kirsimetin 1998. Na ce ya faɗi ciwon jirgin a taƙaice, in buga, mu gama.

Ya gyara zama. Baba bai taɓa bambanta mace da namiji a Hausarsa ba, ni da mijina duk "ka" ne.

"Rubuta, yarinya na. Ka ce ina gaishe su duka cikin sunan Ubangiji. Yaya iyali, yaya aiki, yaya sanyi na wurin su."

Na rubuta. Ya faɗi sunansa, sunan ubansa, shekarun da ya yi a reluwe. Ya kwatanta tashar da ya gina. Ya yi musu barka da Kirsimeti. Sannan ya ce in rufe.

"Baba, ciwon jirgin fa?"

"Haba Afiniki. Mutum zai shiga gida na mutane ranar farko, ya ce a ba shi abu? Za su ce wannan ba shi da tarbiyya."

Na ce masa waɗannan mutanen ba gida suke ba, kuma ba su san mu ba balle su zage mu. Ya ce wannan ne ma dalilin da ya sa dole a fara da gaisuwa. Na yi niyyar ƙara tambayar da kaina a ƙasan takardar, amma me zan ce? Ni dai na san jirgi ba ya tafiya. Sunan ƙirarsa, irin ƙarar da yake yi, abin da Baba ya gani da ya leƙa cikinsa, duk yana bakinsa. Ya san halina sarai, shi ya sa ya ƙi faɗa mini.

Da na dawo da amsoshi a watan da ya biyo, takardu ne cike da jaka. Mutane daga Ingila, Jamus, Amurka, har Ostareliya. Sun yi murna, ba su taɓa samun mutum daga Afirka ta Yamma ba. Kusan kowannensu ya rufe da magana ɗaya: wane irin jirgi gare ka, kuma akwai abin da za mu taimaka da shi? Na karanta masa wannan layin da ƙarfi, na maimaita, na ajiye takardar a cinyarsa.

Ya yi murmushi. "Mutane masu kirki. Amma ka sani, in ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce zo mu ci, kana wanke hannu ka zauna? Za ka ce na gode, a ci lafiya. In ya sake kira, ya sake, to da gaske yake."

Na ji kamar in ɗora hannu a ka. Na ce Turawa ba sa tayin baki, in sun ce za su taimaka to za su taimaka. Ya ce ya yi aiki da Turawa tun ba a haife ni ba. Saƙo na biyu godiya ce zalla, kowa da sunansa, kowa da tambayar lafiyar iyalinsa. Ban ɓoye masa ba, na ce raina ya ɓaci. Mama Osita ta leƙo daga kicin ta ce in yi haƙuri, ita shekara nawa ta yi tana fama.

A lokacin ya daina gane fuskar mutum sai an matso. In zai duba tasharsa, sai ya sunkuya ya bi ta da kai a hankali, daga tankin ruwa zuwa sigina. Na ce masa, "Baba, idon ka fa ba ya jiran gaisuwa." Ya ce Ubangiji ya sani. Amma ya yi mini alkawari, saƙo na uku tambaya ce.

Sai ga amsoshi na biyu. A cikinsu akwai na wani tsoho daga Kanada, wanda muka riƙa kira Baba Kanada. Ya ce ya gode da aka tambayi iyalinsa, amma matarsa ta rasu kwanan nan, shi ya sa bai amsa da wuri ba. Layi biyu ne kawai, daga nan ya koma maganar layin dogo. Ina karantawa na san mun shiga uku, don na ga Baba ya cire hularsa.

"Sauran sun ce masa me?"

Na duba. Mutum biyu sun ce sun yi baƙin ciki, shi ke nan.

"Shi ke nan? Mata na mutum ya mutu?"

Ya ce ba za a yi maganar jirgi ba. Ba a roƙon alfarma a gidan makoki, ko gidan yana bayan teku. Na roƙe shi, na yi fushi, na ce to a aika wa sauran tambayar, a bar mai makoki. Ya ce ai zaure ɗaya suke, mutumin zai gani. Ya sa na buga ta'aziyya mai shafi biyu. Ya tambayi sunan marigayiyar, ya tambayi wa ke dafa wa tsohon abinci, wa ke kwana da shi a gidan. Ya ce da kusa ne, da matan coci sun zo sun zauna da shi. Na buga ina huci, har na yaga takarda ɗaya a cikin keken rubutu.

Amsar Baba Kanada ta zo da tsawo. Ya ce 'ya'yansa sun zo jana'iza sun koma, gidan ba kowa sai shi. Ya ce tun da aka binne ta ba wanda ya tambaye shi ko yana cin abinci sai wani mutum a Kafanchan, garin da sai da ya nemo a taswira. Ya faɗi sunanta. Baba ya sa Mama Osita ta riƙe hannunsa har wurin Fada, limamin cocinsu, aka yi wa matar addu'a a coci ranar Lahadi, aka kira sunanta a gaban mutanen da ba su taɓa jin labarinta ba. Wannan ma sai da aka rubuta aka sanar da shi, kuma ya ce ba a haɗa addu'a da roƙo a takarda ɗaya. Wani watan ya sake tafiya.

Damina ta yi nisa kafin Baba Kanada ya rubuto cewa yana jin nauyi, a gaya masa abin da zai yi wa abokinsa, ko mene ne. Na karanta masa na ajiye takardar.

"To," in ji Baba. "Yanzu mun san juna. Ɗauki biro."

Bayanin bai cika rabin shafi ba. Amsar da ta zo ma haka. Baba Kanada ya ce a cikin injin akwai wasu 'yan baƙaƙen gawayi guda biyu da ke kai wuta, su ne suka cinye. Ba sai an aiko da komai ba. A fasa tsohon batirin tocila, a ciro baƙin sandan da ke tsakiya, a goge shi da fayel har ya yi daidai da ramin. Wasu mutum huɗu suka ƙara da nasu bayanin, ɗaya har da zane. Batirin tocila. Abin da ke zube a bayan kowane gida a unguwarmu. Da an tambaya tun Kirsimeti, da an gama kafin Ista.

Sai dai ranar da na kawo wannan amsar, Baba bai san na shigo ba sai da na yi magana. Bututun ya toshe tun makonni, bai bari an gaya mini ba.

Na ɗauki jirgin da zanen na kai wa Malam Lawal mai gyaran agogo a bakin kasuwa, tsohon abokinsa. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya fasa batiri, ya goge, ya gwada, ya sake gogewa. Da yamma ya rufe shago ya biyo ni, ya ce ba zai bari a tayar da jirgin ba ya nan ba. Muka taru a ɗakin Osita, ni da shi da Mama Osita. Baba ya lalubi layi ya ɗora jirgin da hannunsa, ya lalubi wayoyin ya haɗa.

Jirgin ya tashi. Ya wuce tankin ruwa, ya bi bayan masu doya, ya zagayo. Mama Osita ta toshe baki da zaninta. Baba ya karkata kai yana saurare, fuskarsa tana kallon bango.

"Yana gudu da yawa," ya ce. "Ba a shiga Kafanchan haka."

Malam Lawal ya yi dariya, ni ban yi ba. Haushi ne ya cika ni har wuya, da baƙin ciki, kuma ban san wanda zan sauke wa ba. Na ce, "Baba, da ka ji magana na, da ka gani." Ya ce gaskiya ne. Bai kuma nuna ya yi nadama ba.

Da ƙarshen wata ya zo na je wurin Baba karɓar saƙo. Ya gaishe da kowa kamar kullum, ya gode wa mai zane, ya ba da labarin Malam Lawal. Sannan ya zo kan Baba Kanada.

"Ka ce masa jirgin ya tashi. Ka ce na gan shi da ido na, yana da kyau."

Na ajiye biro. "Baba, ba ka gani ba. Ni ba zan buga ƙarya ba."

"Afiniki, mutumin nan shi kaɗai ne a gida. In ya ji ido na ya tafi lokacin da muke makoki na mata na shi, zai ɗauka a kan shi. Kaya na shi ya ishe shi."

Na yi ta masifa a cikin mota daga Kafanchan har Jos, ni kaɗai a raina. Da na isa shagon, Luke ya karɓi takardar ya fara bugawa. Ya kai wannan layin ya tsaya, don ya san halin da ake ciki. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce masa ya buga yadda yake.