Gidan da Aka Ba Mu Gyaran Jirgi

Ni dai a lokacin nan abu ɗaya nake so a duniya: in kwana in tashi a gidan da ba mai ce mini in kau da turmina. Tun da aka yi aurenmu a Birnin Kebbi muke zaman haya. Da aka yi wa Malam, maigidana, canjin aiki zuwa ɗakin shan magani na Argungu, nan ma haya, ɗaki guda a gidan wata tsohuwa mai ido kamar na shaho. In na yi shanya ta ce na tare mata rana. In na hura wuta ta ce hayaƙina ya fi na kowa yaji. Na sa Malam gaba da mita har ya rantse sai ya saya mana gida.

Ya samo shi bayan bikin samun 'yancin kai. Saboda bikin nan an bi gidaje da farar ƙasa, wannan ma da ke gangaren fadama an shafe shi fes tun daga tushe. Ga rufin kwano, ga tsakar gida da za ka yi sukuwa a ciki. Ba don shafen nan ba da mun ga zanen da ruwa ya bari a bango daidai ƙugun mutum. Amma ina! Ni ma rawar kai nake, har na zaɓi inda zan kafa murhu.

Malam har ya bar duniya yana cewa shi fa ya yi bincike. Binciken ke nan: ya tsaya ƙofar gida ya tambayi maƙwabta ko ruwa na shigowa. Ɗaya ya ce, “Malam, ruwa ai na Allah ne.” Ɗaya ya ce, “To, mu dai ga mu.” Mutanen unguwar ba sa ɓata wa maƙwabci ciniki, ba kuma sa son yin ƙarya, sai su tsaya a tsakiya. Malam ya dawo ya ce mini kowa ya ce lafiya lau.

Shi kuwa mutum ne da ko gishiri ya saya sai ya ce a yi masa gyara. Ana gama cinikin gida ya dubi mai gidan ya ce, “To, ina gyarana?” Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai gidan ko gezau, ya nuna wani jirgin ruwa na itace da ke jingine a zaure ya ce, “Ɗauki wanga, da gidan yake tahiya.” Malam ya yi wata guda yana ba da labari a ɗakin shan magani. Wa ya taɓa samun gyaran jirgi? Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me gida zai yi da jirgi ba, ko me ya sa kowane zaure a layin akwai irinsa.

Muna da wani tsohon maƙwabci a Birnin Kebbi, Kirista ne daga wajen Filato, ni da matarsa kamar 'yan uwa muke. Yana aiki a kanti, yana kuma yi wa wani kamfanin inshora wakilci. Ya zo mana barka, ya zagaya gidan, ya daɗe yana kallon fadama, sannan ya ce, “Aboki, in gobara ce kamfani zai ɗauka. Ruwa kam, a wurin nan, ba za su ɗauka ba. Ka dai yi tunanin abin da ya sa.”

Malam ya yi dariya ya ce, “Haba aboki! Wuta ce abin tsoro. Ruwa ai rahama ne, wa ke neman tsari da rahama?” Ya sa aka yi masa ta gobara, ya shigo yana ce mini yanzu gidanmu ya fi na Joji, Baturen mulki, tsaro.

Jirgin kuwa ya tsare mana zaure. Malam ya jawo shi tsakar gida, ya samo ƙusa da guduma ya huda gindinsa tun daga kai har wutsiya don kada ruwa ya kwanta, ya cika shi da ƙasa, ya shuka barkono. Wani maƙwabci ya leƙo ya ga aikin, ya riƙe baki ya ce, “Malam, mi kake yi haka?” Malam ya ce lambu. Mutumin ya ce Allah shi ba da sa'a, ya fita da sauri.

Wallahi na ji daɗin gidan nan. Na daɓe ɗakina da hannuna, na jera kwanonina, na yi daka da sassafe ba wanda ya yi tari.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ina dama koko sai na ga takalmin Malam ya wuce ni shi kaɗai. Ba ruwan sama ake ba, gulbi ne ya cika ya biyo ta ƙofa salin alin. Kafin hantsi ruwan ya kai gwiwa. Na kwashe garwashi a kasko na ɗora kan tabarmar da ke bisa gado, don kada wutata ta mutu. Maƙwabta suka fito kowa a jirginsa, har da awaki, suna gaisawa kamar ranar kasuwa. Malam ya kwashe ƙasar da ke cikin namu jirgin da hannu, ya tura shi, ya ɗare ya ce in miƙo kaya. Jirgin ya yi ta kurɓar ruwa ta hudojin nan, ya nutse da shi a hankali yana zaune, barkono na yawo a gefensa. Maƙwabta ne suka kwashe mu. Muna kan tudu da la'asar na ga bangon ɗakina ya jiƙe ya zauna, rufin kwanon ya biyo shi.

Cikin kayan da aka tsamo akwai tabarmar nan, kasko ya ƙona tsakiyarta kamar faɗin faifai. Malam na ganinta idonsa ya yi haske. Ya naɗe ta, ya hau mota sai Birnin Kebbi, ya shimfiɗa wa abokinsa a kanti ya ce ga shaida, gobara ce ta fara, ruwa daga baya ya zo. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ba shi haƙuri, ya ce zai kai maganar gaba. Ya kuwa kai. Kamfani ya duba, ya amince lallai an yi gobara, ya biya tabarma.

Malam ya dawo da sabuwa fil, mai jan baki, yana ta fara'a wai ai ga amfanin inshora. Ya same ni na gama jera abin da ya saura na kwanonina a ɗakin hayar tsohuwar nan da muka baro. Ya shimfiɗa ta ya ce in zauna in ji laushi. Na zauna. Na yi niyyar in yi masa tas, har na buɗe baki, sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da bangon ya faɗi. Malam ya daina fara'a. Ya zauna a ɗaya gefen tabarmar, kansa a ƙasa, ya ce, “Ki yi haƙuri. Gidanki ne na kasa tsare miki.”